Yadda Mai Bi Zai Nemi Nufin Allah Sa'ad da Hanya Ta Rabu Biyu

Ya ɗan'uwa mai karatu, ko ka riga ka karɓi baftisma, ko kuwa har yanzu kana cikin masu biɗar gaskiya, ka sani ba za ka daɗe cikin bin Yesu Kristi ba sai ka iske kanka tsaye a mararraba. Wataƙila mahaifinka ya ce ka zaɓa, ko wannan hanya ko gidansa. Wataƙila an yi maka tayin aiki a Jos ko Kaduna, inda masu bi suke da yawa, ga tsohuwarka kuwa a nan Sakkwato ba ta da mai ɗebo mata ruwa. Ko an nuna maka yarinya an ce ka aura. Ko abokin ciniki ya ce ku haɗa jari ku kai albasa kudu. A irin wannan rana zuciya takan yi tambaya guda: Me Allah yake so in yi? Domin wannan tambaya aka rubuta takardan nan.

Abin da ka bari a baya

Ka san al'adar ƙasarmu. Mutum in zai yi tafiya mai nisa, ko zai ɗaura aure, ko zai kafa gida, yakan tafi wurin mai duba. A baza yashi a buga ƙasa, a ƙidaya kwanakin wata, a ce masa ranar kaza tana da sa'a, ranar kaza kuwa kada ya fita ƙofar gari. Wani yakan tafi wurin boka, wani wurin 'yan bori. Har ayarin goro da yake tashi daga Sakkwato a zamanin dā, ya bi ta Jega ya nufi Gwanja, ba ya ɗaura wa jaki kaya sai malamin ayari ya zaɓi ranar tashi. Abin da dukansu suke nema ɗaya ne, su leƙa gobe tun ba ta zo ba, domin su kauce wa wahala.

Allah ya hana jama'arsa wannan tun a Attaura, cikin Kubawar Shari'a sura 18, inda aka jera duba da sihiri da tambayar matattu aka kira su abin ƙyama. Sarki Saul ya san dokan nan, har shi da kansa ya kori masu duba daga ƙasarsa. Amma da tsoro ya kama shi, ya sake kama da dare ya tafi wurin wata mace a Endor. Labarin da ya ji a can bai cece shi ba, gama ya mutu a wannan yaƙi.

Za ka ce, Ai na bar waɗannan duka. Madalla. Amma ka lura, tsohuwar al'ada takan sake riga ta biyo mutum har cikin ikilisiya. Akwai mai bi da yakan rufe ido, ya buɗe Littafi Mai Tsarki inda ya faɗa, ya dangwala yatsa, ya ce ayar da yatsa ya taɓa ita ce amsar Allah. Wannan bugun ƙasa ne, takarda kawai ta ɗauki wurin yashi. Akwai mai bin wani da yake kiran kansa annabi, yana kai masa kuɗi domin ya gaya masa matar da zai aura. Akwai wanda kowane mafarki ya yi sai ya tashi ya sake shawara. Gaskiya ne Allah ya yi magana da Yusufu cikin mafarki, kuma ba mu ce hannunsa ya gajarta ba; amma mai zazzaɓi ma yana mafarki, haka wanda ya kwana da tunanin abu a ransa. Mafarkin da ya saɓa wa Maganar Allah, a bar shi a kan tabarma inda aka same shi.

Allah bai yi maka alkawari zai nuna maka gobe ba. Alkawarin da ya yi ya fi wannan, wato shi da kansa zai bishe ka. Ka tuna da ɗan ayari. Bai san sunan kowane zango ba, bai san inda rafi ya cika ko inda 'yan fashi suke kwanto ba. Madugu ya sani. Abin da ke wuyan ɗan ayari shi ne ya tashi sa'ad da aka ce a tashi, ya sauka inda aka ce a sauka, kada ya ware shi kaɗai cikin daji domin ya hango wata hanya da ta fi masa kama da gajeriya. Ubangijinmu ya kira kansa makiyayi cikin Yohanna sura 10, ya ce tumakinsa suna bin shi domin sun san muryarsa.

Mutanen da suka yi tambaya bayan sun ɗaure kaya

Kafin mu faɗi hanyoyin da Allah yakan bi da bayinsa, akwai abin da ya riga su duka, in babu shi kuwa sauran banza ne. Ka buɗe littafin Irmiya, sura 41 zuwa 43, ka karanta a hankali.

Bayan da mutanen Babila suka rushe Urushalima, suka bar talakawa kaɗan a ƙasar, suka naɗa musu hakimi mai suna Gedaliya. Wani ya kashe hakimin. Sai tsoro ya kama sauran jama'a, suna cewa Sarkin Babila zai ɗauki fansa a kansu. Shugabansu Yohenan ya tattara su, suka sauka kusa da Baitalami, a kan hanyar Masar. Daga can suka zo wurin Annabi Irmiya, manya da ƙanana, suka roƙe shi ya tambayar musu Ubangiji hanyar da za su bi. Har suka yi rantsuwa, ko amsar ta yi musu daɗi ko ba ta yi ba, za su yi biyayya. Wa zai ji wannan bai ce mutanen kirki ne ba?

Kwana 10 Irmiya yana jira. Da amsa ta zo, ita ce su zauna a ƙasarsu, kada su ji tsoron Sarkin Babila, Allah zai kafa su. In kuwa sun tafi Masar, takobin da suke gudu zai same su a can. Nan take suka ce wa annabin ƙarya yake yi, wai magatakardansa Baruk ne ya zuga shi. Suka tafi Masar, suka tafi da Irmiya ma tilas.

Ka ga inda cutar take? Tun kafin su buɗe baki sun riga sun sauka a hanyar Masar. Ba shawara suka zo nema ba, hatimi suka zo a buga musu bisa abin da suka riga suka ƙulla. Ya ɗan'uwa, yawancin masu cewa Allah bai amsa musu ba, ya amsa, amsar ce ba su so. Saurayi ya riga ya kai kayan gaisuwa gidan yarinya, kāna ya zo wurin dattawa ya ce a taya shi addu'a a ga ko nufin Allah ne. Wani ya riga ya sayi tikitin mota, kāna ya durƙusa yana tambaya ko ya tafi. Hausawa sun ce son zuciya ɓacin zuciya. Domin wannan, kafin ka roƙi Allah ya nuna maka hanya, ka tambayi kanka da gaskiya: In ya ce wadda ba na so, zan bi? In ka iske ba za ka bi ba, kada ka ɓoye, gama ya riga ya gani. Ka fara addu'arka daga nan, ka roƙa ya tanƙwasa zuciyarka tukuna. Wannan yakan ɗauki kwanaki, wani lokaci watanni, kuma shi ne rabin aikin, har ya fi rabi.

Abin da aka riga aka rubuta

Tun 1932 Littafi Mai Tsarki dukansa yana cikin harshen Hausa, ba mai iya cewa an rufe masa shi. Abubuwa da yawa da mutane suke kwana suna tambaya a kai, amsarsu tana ciki a fili. Ba sai ka yi azumi ba kafin ka san ko ya halatta ka auna wa mai saye da mudun da aka bubbuge gindinsa, ko ka karɓi toshiyar baki a wurin aiki, ko ka ci bashi da niyyar ƙin biya. Mai bi wanda bai yi aure ba, an umurce shi ya yi aure cikin Ubangiji. Wanda bangaskiya ta same shi da matar da ba ta bi ba, in ta yarda ta zauna, Manzo Bulus ya ce kada ya sake ta. Ka duba 1 Korintiyawa sura 7. Inda Allah ya riga ya yi magana, sake tambaya neman hanyar zamewa ne.

Amma Littafin bai ambaci sunan Sakkwato ko Jos ba, bai ce ka zama baduku ko maɗinki ba. A nan ne mai karanta shi kullum ya fi mai buɗe shi ranar damuwa kaɗai. Yaron da ya girma a gaban ubansa ya san abin da uban zai so ko ba a gaya masa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Game da addu'a, Yaƙub ya ce wanda ya rasa hikima ya roƙi Allah, za a ba shi ba tare da gori ba. Ka lura, hikima aka ce, wato hankalin auna al'amura. Allah ba ya ƙwace hankalin da ya ba ka, tsarkake shi yake yi. Ka zauna ka lissafta kuɗin mota da na haya, ka tambayi halin mutumin da za ku haɗa jari, ka bincika asalin aikin da aka yi maka tayi. Joshuwa da dattawan Isra'ila sun dubi busasshen gurasa da tsofaffin takalman mutanen Gibeyon, suka gaskata daga nesa suka fito, suka ƙulla alkawari ba su tambayi Ubangiji ba. Bayan kwana 3 suka ji ashe maƙwabta ne. Ido ba tare da addu'a ba yakan ruɗu, addu'a kuma ba ta hana buɗe ido. Wanda ya matsa maka ya ce lalle yau ɗin nan za ka ba da amsa, ka yi hattara da shi. Sauri ya haifi nawa.

Shawara kuwa ɗaukar ɗaki ce. Ka tafi wurin dattawan ikilisiya, maza ko mata waɗanda suka daɗe cikin bangaskiya, ka faɗa musu maganar dukanta, har da gefen da kake jin kunya. Kada ka yi kamar Rehobowam ɗan Sulemanu, wanda ya ji shawarar tsofaffi ba ta yi masa daɗi ba, ya koma wurin tsaransa, mulkinsa ya tsage biyu. Kuma kada ka raina maganar iyayenka domin ba su bi Kristi ba. Cikin sha'anin gona da ciniki da halin dangin da za ka nemi aure, sau da yawa sun fi ka gani nesa. Inda suka ce ka musunci Ubangijinka, a nan kaɗai za ka ce a'a, da ladabi, kana durƙushe.

Ƙofa a buɗe, ƙofa a rufe

Masu bi sukan ce, Allah ya buɗe mini ƙofa. Sau da yawa gaskiya ne, amma a auna. Sa'ad da Annabi Yunusa yake gudun aiken Allah, ya iske jirgi a Yafa yana shirin tashi, ga kuɗin jirgi kuma a hannunsa. Sauƙin hanya ba shaida ba ne. Wuyarta kuma ba ta nuna an ɓata ba. Cikin Ayyukan Manzanni sura 16, Bulus ya so ya yi wa'azi a Asiya, Ruhu ya hana. Ya nufi Bitiniya, aka hana. Sai a Taruwasa aka kira shi zuwa Makidoniya. Ya bi kiran, ga shi kuwa a Filibi aka yi masa bulala aka jefa shi kurkuku. Cikin kurkukun nan ne yari da iyalinsa suka ba da gaskiya.

Bisharar da ta iso gare ka ma haka ta biyo. A Disamba 1893 samari 3, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Ikko da nufin shigowa ƙasar Hausa. Cikin 1894 Gowans ya rasu a Girku ta ƙasar Zazzau, Kent ya rasu a Bida, Bingham ya koma gida ba ko mutum ɗaya da ya tuba ta hannunsu. Ya sake zuwa a 1900, ciwo ya mai da shi. Sai a 1902 ƙungiyarsu, wadda aka sani daga baya da sunan S.I.M., ta sami wurin zama a Pategi, bakin Kwara. Da Turawa suka ci Sakkwato a Maris 1903, Gwamna Lugga ya yi alkawari gwamnati ba za ta taɓa addinin Musulunci ba, saboda haka shekaru da yawa ba a bar masu bishara su zauna cikin ƙasashen sarakuna yadda suka so ba. Ƙofar da suka yi ta ƙwanƙwasawa ba ita ta buɗe ba. A ƙarshen shekarun 1930 aka danƙa wa S.I.M. jinyar kutare a lardunan Kano da Katsina da Sakkwato; ta nan suka zo Amanawa, kudu da birnin nan, suna wanke gyambon mutanen da kowa yake gudu. (A lokacin ba a sami maganin kuturta mai ƙarfi ba, yau akwai mai warkarwa sarai, kyauta ake ba da shi.) Fiye da shekara 40 ke nan tun saukar samarin nan, 2 daga cikinsu kuwa ba su ga ko alamarsa ba.

Mai hankali zai iya cewa akwai gaggawar ƙuruciya cikin tafiyarsu ta fari, ba mu kuwa musa ba. Amma wanda ya tsaya bakin kabarin Gowans a 1894 ya yanke hukunci cewa Allah bai aike su ba, ya yi saurin magana. Haka kai ma, in ka nemi nufin Allah da zuciya ɗaya, ka bi, kāna ciniki ya karye ko ciwo ya zo, kada ka ce lalle na ɓata hanya, balle ka koma wurin mai duba ya gaya maka wanda ya yi maka sammu.

In zauna ko in tashi?

Ga tambayar da ta fi kowace nauyi ga sabon mai bi a Sakkwato, ba kuwa za mu sassauta ta ba. Birnin nan na Shehu da Bello ne, tun kafuwarsa a 1809 cibiyar addinin iyayenka ne, wanda ya bi Kristi daga cikin gidajensa yakan sha abin da baƙo mazaunin gari bai sani ba. Akan daina cin abinci da shi, akan karɓe matarsa, masu sayen kayansa sukan watse, wani har ransa yakan shiga hatsari.

Littafi bai ba da doka guda domin kowa ba. Mutumin nan na ƙasar Garasinawa da Yesu ya fitar wa aljannu ya roƙa ya bi shi cikin jirgi, Yesu ya hana shi, ya aike shi gida wurin danginsa ya ba da labari. A Koranti Ubangiji ya ce wa Bulus ya zauna kada ya ji tsoro, ya zauna shekara 1 da wata 6. Amma Bulus ɗin nan ne aka zurara cikin kwando ta kan ganuwar Dimashƙu da dare, Ubangiji kuma ya ce wa almajiransa in an tsananta musu a wani gari su gudu zuwa wani. Ashe zama ba kullum ne bangaskiya ba, tashi kuma ba kullum ne tsoro ba.

Ga yadda muke gani. In ana neman ranka da gaske, ka tashi, ba abin kunya a ciki, kuma kada ka tsaya jiran mafarki. Ka gaya wa dattawa su nema maka masauki. Ke 'yar'uwa, in ana shirin ɗaura miki aure tilas domin a raba ki da bangaskiyarki, kada ki fita ke kaɗai ki faɗa hannun wanda ba ki sani ba. Ki kai maganar wurin matan dattawa tun da wuri. Amma in abin da kake gudu ba'a ne da zunɗe da ƙarancin ciniki, ka dakata tukuna. Ba'a takan gaji. Mutanen unguwa da suka yi shekara 2 ko 3 suna kallon baduku yana ɗinka fata da gaskiya, ba ya musanya jar fatar akuya da ta banza, yana zuwa gaisuwar mutuwa da barkar haihuwa kamar dā, sukan fara sassautowa, wani ma ya zo da dare ya yi tambaya. In kowane mai bi ɗan gari ya tashi, maƙwabtanka za su ci gaba da cewa wannan hanya ta baƙi ce. Ka auna kuma waɗanda suke wuyanka, gama Bulus ya yi magana mai zafi cikin 1 Timoti sura 5 a kan mai bi da ya ƙi kula da mutanen gidansa.

In bayan addu'a da shawara ya tabbata tashi za ka yi, ba kuwa gudun rai ba ne, to, ka tashi da rana. Ka biya bashin da ake bin ka har na mai kanti. Ka je ka yi wa mahaifinka sallama ko ba zai amsa ba, ka roƙi gafarar mahaifiyarka bisa ɓacin ran da ta sha, ba bisa bangaskiyarka ba. Ka karɓi takarda daga dattawa zuwa ikilisiyar garin da za ka, ka miƙa ta ran Lahadi ta fari da isarka. Damina in ta kusa ka aika da kuɗin iri gida; in an mayar maka da su, baɗi ka sake aikawa.